Shawarwarin Zaman Nima Kan Bulokcen da Kwangilolin Gwamnati

'Yan kwangila da matasa masana kwamfuta sun zauna a Nima, cikin Accra, bayan la'asar, suka tattauna yadda fasahar bulokcen za ta tsare kwangilolin gwamnati. Bulokcen kundi ne da kwamfutoci da yawa ke riƙe da kwafinsa, kowane shafi ɗaure da wanda ya gabace shi, ta yadda duk wanda ya goge wani abu a ɓoye sai asirinsa ya tonu.

Shawarar da aka fi daɗewa a kanta ita ce kada a rushe GHANEPS, dandalin intanet na neman kwangilar gwamnati da Hukumar Sayayyar Gwamnati ta Ghana ta buɗe a 2019. A ɗora sabon kundin a kansa, a riƙa rubuta lokacin da kowane tayi ya shiga, da farashinsa bayan an buɗe, da makin da kwamiti ya ba shi. Wani dattijo mai ɗinkin kayan makaranta ya ce ya taɓa miƙa ambulan ɗinsa a kan lokaci, daga baya aka ce masa ya makara, kuma ba shi da shaidar da zai nuna. Maganarsa ta taɓa ni ƙwarai, domin hatimin lokaci da ba ya goguwa zai kare irinsa.

An ja kunne cewa kundin ba ya gane ƙarya idan tun farko ita aka shigar, saboda haka Babban Mai Binciken Kuɗi da 'yan jarida su riƙe nasu kwafin, kuma a gyara Dokar 663 ta 2003, wato dokar sayayyar gwamnati, ta fayyace matsayin wannan shaida. Wasu sun so a fara da kwangilar abincin makarantu, kamar gwajin da aka yi a Kolombiya.