Abin da aka tattara daga shawarwarin mutane kan wace laftof ya kamata a saya

1. An yi ittifaƙi cewa laftof samfurin ThinkPad (Lenovo), Latitude (Dell) ko EliteBook (HP) na hannu sun fi sabuwa mai araha ƙarko, kuma kayan gyaransu na samuwa.
2. RAM (ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita) kada ta gaza 8GB, ma'ajiya SSD (nau'in ma'ajiya mai sauri) 256GB.
3. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 (guntun tsaro a cikin na'ura), kuma in furosesar Intel ce, a galibi ƙarni na 8 zuwa sama. Wannan a kula da shi sosai.
4. Kafin biya, a gwada batir, a tabbatar babu kalmar sirri a BIOS (saitin da ke tayar da na'ura kafin Windows ta buɗe).

Inda aka rabu: wasu sun ce a sayi MacBook M1 ta Apple don batirinta, wasu suka ce ba a ƙara mata RAM. Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, kyauta ce, tana farfaɗo da tsohuwar na'ura, amma ba ta ɗaukar Photoshop kai tsaye.