Wace kalmar Hausa za mu ba "quagmire" a labaran yaƙi?

Salamu alaikum malamai. Ina fassara labaran ƙetare a wani gidan rediyo a nan Gombe, kuma akwai kalmar Turanci da ta daɗe tana ba ni ciwon kai: quagmire. Asalinta ƙasa ce mai taɓo da ke haɗiye ƙafa. 'Yan jarida kan kawo ta idan wata ƙasa ta auka wa wata da zaton mako biyu an gama, sai shekaru su yi ta tafiya, ba nasara, ba hanyar komawa gida. Shekaranjiya ta sake fito mini a labarin Rasha da Yukiren, saura minti goma a shiga labarai, na rubuta "tsaka mai wuya" na miƙa. Raina bai kwanta ba. Wanda ambaliya ta cinye wa gona ma yana tsaka mai wuya, alhali ba shi ya kai kansa ba. Ita wannan kuwa da ƙafarka kake shiga, kana buga ƙirji.

Shi ya sa na jefo muku tambayar. Ga abin da kuka aiko, da inda na tsaya.

Wata malamar Hausa daga Azare ta ce: "Ɗan'uwa, me ya hana gaba kura baya sayaki?" Malama, na juya shi sosai. Karin maganar na wanda aka ritsa ne, mai neman tsira. Ya fi dacewa da ƙasar da aka mamaye. Mu kuwa mai mamayar muke son kwatantawa.

Mutum huɗu sun ce cakwakiya. Tana da daɗi a baki, amma mun riga mun tsufar da ita a rikicin jam'iyya da shari'ar zaɓe. In na ce Tarayyar Sobiyat ta shiga cakwakiya a Afganistan, mai sauraro zai ɗauka cacar baki aka yi, ba yaƙin da aka fara a Disambar 1979 aka fita a Fabrairun 1989 ba, bayan sojojinta kusan 15,000 sun mutu.

Wani ɗalibi daga Kashere ya ce a rubuta "shan kashi" kawai a huta. A'a ƙanena, nan ne ma ya kamata mu yi hattara. Saddam Husaini ya mamaye Kuwaiti ranar 2 ga Agustan 1990, kafin ƙarshen Fabrairun 1991 an fatattake shi. Wannan shan kashi ne. Idi Amin ya tura sojoji yankin Kagera na Tanzaniya a 1978, zuwa Afrilun 1979 dakarun Nyerere suna cikin Kampala, shi kuma ya ari ta kare. Shi ma shan kashi ne, har da tsokano tsuliyar dodo. Amma shi wannan Saddam ɗin da ya auka wa Iran a Satumbar 1980 yana ganin juyin juya hali ya raunana ta, shekara 8 aka yi ana zubar da jini, aka tashi iyaka na nan inda take, ga bashin maƙwabta ya yi masa katutu. Ba a ci shi ba, bai ci ba. Wannan nake nema wa suna.

Amsar da ta tsaya mini a rai ta zo ne daga wani dattijo, tsohon direban tifa da ya yi shekaru yana ɗebo yashi wajen Dadin Kowa. Ɗansa ne ya karanta masa tambayar, shi kuma ya aiko da murya. Ya ce: "Yaro, ai wannan kafewa ce. Da damina za ka ga wuri sumul, sama ta bushe, ƙasa laka. Ka shigo da lodi, taya ta nutse. Direban kirki nan take yake kashe mota, a sauke yashi, a sa katako, a nemo janwe. Mai girman kai kuwa totur zai ƙara don kada yaran mota su yi masa dariya. Ya sa giya ɗaya, ya sa ribas, taya na juyawa tana haƙa wa kanta rami, har cikin motar ya zauna a ƙasa."

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni dai ka gama mini aiki.

Abin da ya ƙara ja na shi ne kalmar tana da fuska biyu. Mota takan kafe, mutum ma yakan kafe a kan bakansa. Shugaban da ya tura sojoji maƙwabta, gawawwaki suka fara dawowa, da wuya ya fito ya ce ya yi kuskure, sai ya ƙara turawa don na farko kada su tafi a banza. Kuma yana can yana taka totur, duniya na sauya masa. Rasha ta ce matsowar ƙungiyar tsaro ta NATO na cikin abin da ya sa ta shiga Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022. Finlan, mai iyakar fiye da kilomita 1,300 da Rasha, ta shiga NATO a 2023, Suwidin ta bi a 2024. Ko mu nan, da ECOWAS ta yi barazanar tura sojoji Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ai tsoron wannan na cikin abin da ya sa sanatocin Arewa suka ce a bi ta lalama.

Don haka na tsaya a kan "yaƙin kafewa" idan suna ake so, "sun kafe" idan aiki ne. Misali: "Masana na gargaɗin cewa mamayar za ta iya zama yaƙin kafewa."

Malamar Azare ta dawo da gyara guda, kuma tana da gaskiya: a waya mutane ba sa sa lanƙwasa, sai kafewar mota ta rikice da ƙafewar rijiya. A rediyo kunne zai raba su. A rubutu kuwa, karon farko zan sa "kafewa a laka", daga nan in ci gaba da gajeren. Yau da shi zan shiga labaran yamma, na kuma roƙi ɗan Baba ya kunna masa rediyo.