Hambirkin Land Cruiser ɗina ya daina riƙe mota a gangara

Direban Gembu:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin mota a taimaka min. Land Cruiser 80 gare ni ta 1996, mai dizal, giyar hannu, birkin bayanta dis ne ba dram ba, da ita nake hawa Mambila. Tun bayan damina hambirki ya daina kamawa, in na ja sai ya taho har ƙarshe amma motar tana silalewa. Shekaranjiya na tsaya a hawan nan na gaba da Mayo Selbe zan duba igiyar kaya, na ja hambirki na sauka, ban kai bayan motar ba na ji tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya ashe baya take yi, yarona ne ya yi maza ya cusa dutse, kuma akwai mata biyu da jariri a ciki, wallahi har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Sau biyu ina kai ta gareji ana ɗaure min kebul, kwana 3 ta koma gidan jiya. Birkin ƙafa lafiya lau. Sabon kebul zan saya ko yaya?

Bakanike Panteka:
Wa alaikumus salam maigida, Allah ya ƙara tsarewa. Kar ka sayi kebul tukuna. Ai ita wannan motar birki biyu ne a tayar baya, fad ɗin da ke matse dis na ƙafa ne, shi kuma hambirki yana da nasa ƙananan shu a ɓoye cikin kwanon dis ɗin, shi ya sa na ƙafa zai yi ta aiki na hannu ya mutu ba ka sani ba. Masu ɗaure kebul daga sama ba su taɓa inda ciwon yake ba.

Ka sa a fara sassauta kebul ɗin gaba ɗaya, a sa waji, wato abin tokare taya, a tayoyin gaba, a ɗaga baya a cire taya. A bayan farantin birki akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa da kebul ke ja, ka sa hannu ka motsa shi da kanka, ya kamata ya tafi ya dawo da sifirin ɗinsa. Mafi yawan masu shiga laka da ruwa nan ne matsalarsu, tsatsa ta cinye fin ɗin ya ƙage, kana ja a sama shi ko gezau. In ya ƙage a kwance shi a goge da sanfefa a sa giris. Sannan a cire dis a duba shu, in naman ya kusa milimita 1 ya ƙare a canja, gefe biyun tare. Bayan an mayar da dis akwai rami a fuskarsa, a juyo shi ƙasa a zura sukundireba a murɗa ajasta, wato ɗan ƙarfe mai haƙora da ke saita shu, har dis ya ƙi juyawa, sai a dawo da ita baya haƙori 8. Kebul shi ne na ƙarshe, a ɗaure shi yadda hannun zai tsaya a ƙas-ƙas 7 zuwa 9. In an sa sabon shu ka samu miƙaƙƙiyar hanya marar mutane ka yi gudun kilomita 50 ka ɗan ja hannun kaɗan na kamar mita 400, sau biyu ko uku, don ya zauna.

Mai Hilux Jos:
Oga ya gama magana, abu ɗaya zan ƙara. In kun buɗe ka shafa shu ɗin da yatsa, in ka ji maiƙo baƙi mai warin man giya to oyil sil na bak aksil ne ke yoyo. Ni ya taɓa faruwa da ni, na wanke shu da fetur ya yi kyau a ido, sati ɗaya man ya sake tsattsafowa daga cikinsa, kuɗin aiki biyu na biya. Shu ɗin da ya sha mai sai dai a yar. Kuma ka duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksil, in laka ta toshe shi aksil ya yi zafi iska ba ta da mafita sai ta turo mai ta sil, ko sabo ka sa zai sake yoyo.

Tsohon direba:
Ɗana kafin a gyara kar ka ƙara sauka daga motar nan a kan tudu da mutane a ciki. Ka kashe inji, giya ɗaya in hawa kake, ribas in gangara, ka karya sitiyari wajen dutse ba wajen rami ba, yaro ya sa waji kafin ka ɗaga ƙafa. Ka kula da ƙaramar giyar nan ta fowil, ta jan tayoyi huɗu, in tana N wato furi to giyar da ka sa ba ta riƙe komai. Mu da muka ja Land Rover a hanyar nan namu hambirkin a jikin farfela yake bayan giya, in mai ya zubo masa shi ma haka yake saki.

Direban Gembu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau da safe muka buɗe a gabana. Ƙarfen gefen dama ya ƙage sai da guduma ya fita, na hagu kuma shu ya jiƙe sharkaf da mai, bututun numfashin laka ta bushe a ciki kamar siminti. Kebul ɗin lafiyarsa ƙalau. Mun canja sil da shu, an saita yadda oga Panteka ya faɗa, hannu yana tsayawa a 8. Na kai ta gangaren bayan gareji da buhu 6 na masara a ciki na ja na sa furi, na zauna minti biyar ƙafata na saman birki ban taka ba, ba ta motsa ba. Baba, wajin katako ma na sa an yanko min guda biyu, suna bayan kujera.