Yaro ya dawo daga gyaran hali, ya sake komawa ƙwaya

Assalamu alaikum. Ina cikin kwamitin yaƙi da shaye-shaye na unguwarmu, kuma abin ya fi ƙarfinmu. Tun da aka haramta maganin tari mai kodin a 2018, yaranmu suka koma tiramol da sholisho. Liman ya yi huɗuba, mai unguwa ya tara iyaye, 'yan sintiri sun rushe kangon da suke taruwa, sai suka koma bayan maƙabarta. Wanda muka kai gidan gyaran hali ya dawo garau, amma babu sana'a. Yanzu ga shi idanu jajur, magana na sarƙewa, har kwanukan mahaifiyarsa ya sayar.

Don Allah, ku da kuka yi nasara, yaya kuke riƙe yaro bayan ya fito har bai koma ba?