Muhawara: Shin AA da AS za su iya haifar mai sikila?

Malamin Bayoloji: Maganar da ake yaɗawa ita ce, idan miji AA ne, matar AS, sai aka haifi mai sikila, to yaron ba na mijin ba ne. Kalmar ta yi nauyi, amma lissafin gado yana bayanta. Ƙwayar gadon HBB, wadda A da S nau'o'inta ne kuma ita ke ƙera wani ɓangare na himogulobin (sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini), tana kan kuromozom na 11, kowa na da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Uban da ba shi da S, daga ina zai ba da ita? 'Ya'yansu AA ne ko AS, rabi da rabi a kowane ciki.

Mai Gwajin Jini: Malam, lissafinka daidai ne idan AA ɗin da ke kan takarda gaskiya ce. Wane gwaji aka yi? Wurare da yawa gwajin lanƙwashewar ƙwayar jini kawai suke yi, shi kuma S kaɗai yake gani. Mai AC, wato mai ɗauke da wani nau'in himogulobin da ake kira C, zai fito babu komai, a rubuta masa AA, ya auri AS, su haifi SC, wanda shi ma nau'in sikila ne. C ɗin nan ta fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, amma akwai ta a nan. Ga kuma wanda aka ƙara wa jini: ƙwayoyin jinin da aka sa masa suna kai kwana 120, don haka sai an jira wata 3 kafin a gwada. Ban ma kawo musanyar kwalaben jinin mutane a ɗakin gwaji ba.

Malamin Bayoloji: Hajiya, wannan kuskuren ɗakin gwaji ne, bai taɓa ƙa'idar ba. A sake gwaji da na'urar lantarki mai raba himogulobin, idan ya sake fitowa AA, magana ta ƙare.

Likitan Jini: Ba ta ƙare ba, Malam. Akwai mutumin da ko sau goma ka gwada shi da wannan na'urar AA zai fito, kuma yana iya haifar mai sikila: mai ɗauke da beta talasimiya. HBB ɗinsa ɗaya tana aiki, ɗayar ko dai ba ta samar da komai, ko tana samarwa kaɗan. Wani lokaci ma lahanin yana wurin da ke kunna ƙwayar ne, wato makunninta, umarnin kansa lafiya lau. Na'urar abin da aka samar take gani, kuma A kaɗai ya samar. Idan yaro ya gaji S daga uwa, ya gaji wannan mai shirun daga uba, jininsa babu A ko kaɗan. Takarda za ta ce SS, ciwon ma kusan iri ɗaya, alhali S ɗaya ce tak a jikinsa.

Malamin Bayoloji: Na san da ita, Likita, amma ai ta ƙasashen Bahar Rum ce da Indiya. Ba a gina hukunci a kan abin da ba kasafai ake gani ba.

Likitan Jini: Ta fi yawa a can, gaskiya ne, amma ana samunta a Afirka ta Yamma. Kuma wanda ya ce "ba zai yiwu ba" ne ya ɗauki nauyin, misali ɗaya ya isa ya rusa maganarsa. Aure ne fa da mutuncin mace a kan sikeli.

Mai Gwajin Jini: Kuma ganewar ba ta da wuya. A yi wa uban ƙidayar jini cikakkiya: idan MCV, wato ma'aunin girman jajayen ƙwayoyin jini, ya yi ƙasa da 80 kuma ba ƙarancin sinadarin ƙarfe ba ne, a wuce zuwa HPLC, gwajin da ke auna adadin kowane nau'in himogulobin. HbA2, wani ƙaramin nau'in himogulobin, idan ta haura kashi 3.5 cikin ɗari alama ce mai ƙarfi ta talasimiya. A fara duba ƙarfen, domin ƙarancinsa kan ja adadin HbA2 ƙasa. Shi ma yaron ƙwayoyin jininsa za su fito ƙanana, na ainihin SS kuwa yawanci girmansu daidai ne. Wani abin lura: mai AS na gaske, A ta fi S yawa, S ɗin tana wajen kashi 35 zuwa 40. Idan S ta rinjayi A, wannan ba AS ba ne, S ce da talasimiya mai sauƙi.

Malamin Bayoloji: To sabon sauyi fa? Wasu na cewa A kan rikiɗe ta zama S a maniyyin uba.

Likitan Jini: Nan kam ina tare da kai, kada a rataya a kansa. S sauyin harafi ɗaya ce a rubutun DNA na HBB, GAG ta koma GTG a gurbi na 6. Damar wani takamaiman harafi ya sauya a haihuwa ɗaya wajen ɗaya ce cikin miliyan 100. Sai an kawar da kuskuren gwaji da C da talasimiya kafin a ko ambace shi.

Malamin Bayoloji: Na janye "ba zai yiwu ba". Amma ina nan a kan cewa uban da aka karanta HBB ɗinsa duka biyu aka same su lafiya ba ya haifar SS.

Mai Gwajin Jini: Wannan kuma gwajin DNA ne, Malam, ba takardar da ake kai wa waliyyi kafin ɗaurin aure ba.