Duwatsun bakin tafkin Bosomtwe na Ghana, ya ake huda su ba su fashe ba?

Ƴar Aboabo:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah wanda ya san kan sana'ar dutsen ado ya taimaka min. Bayan sallah mun kai yara Bosomtwe muka sauka a Abono, su suna wasa a bakin ruwa ni kuma ina ta tsintar ƴan duwatsu, wasu farare fat kamar gishiri wasu ruwan toka masu ɗan sheƙi, har sai da na cika baƙar leda guda. Dama ina shirya jigida da abin hannu da tsakiyar Krobo, wato duwatsun adon nan na gilashi, ina sayarwa a gida, sai na ce bari in gwada da waɗannan. To a cikin ruwa kyau kamar me, amma da suka bushe wlh sai suka koma tsakuwar kan titi, sannan na ba wani kafinta maƙwabcinmu ya huda min, guda 7 ya taɓa 5 suka tarwatse, farare biyun kuma bakin injin ko shiga bai yi ba sai zafi da ƙauri. Ya zan yi ne?

Baba mai carbi, Alabar:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafintan nan ba shi da laifi, bakin huda katako ko ƙarfe ba ya cin dutse. Akwai baki na musamman mai garin daimon a jiki, siriri kamar tsinke, shi za ki nema, kuma ba a busasshe ake huda ba. Ki samu ɗan kwano ki sa guntun katako a ciki, ki ɗora dutsen, ki zuba ruwa ya ɗan rufe shi, sai a riƙa taɓawa ana ɗagawa ana taɓawa ana ɗagawa, ba dannawa ba, za ki ga ruwan ya yi fari kamar koko to yana ci kenan. In an kai rabi a juya a fara ta ɗaya gefen su haɗu a tsakiya, don in kika ce sai kin ɓulla ta gefe ɗaya bayan ne zai ɓalle. Ki kula da wayar wuta kusa da ruwa, in da hali a yi da ƙaramin inji mai batir. Kuma ruwan nan ba don dutse kaɗai ba ne, ƙurar farin dutsen in ta shiga huhu ba ta fita.

Maganar sheƙi kuwa sanfefa ce, daga mai kaushi zuwa mai laushi, da ruwa, dutse ɗaya zai iya cinye miki yamma guda. In kin gama ki ɗan shafa man kaɗanya ki goge da tsumma, launin da kika gani a ruwa zai dawo, sai dai na man nan ba ya daɗewa, gugar ce mai zama.

Ɗalibi a jami'ar KNUST:
Anti bari in ƙara a kan na Baba. Masu ruwan tokan nan da suka tarwatse ina kyautata zaton irin dutsen nan ne mai falle-falle kamar allon makaranta, yankin da yawansa, ko da bakin daimon ɗin ma in an huda ta gefe tsagewa yake, sai dai a huda ta fuskarsa mai faɗi. Fararen kuma irin dutsen nan ne da ya fi ƙarfen wuƙa tauri, ki gwada ki karce kwalba da shi za ki ga ya yi mata zane.

Wani abu kuma, tafkin nan ba kogi ne ya yi shi ba, dutse ne ya faɗo daga sararin sama sama da shekara miliyan 1 da suka wuce ya haƙa ramin da faɗinsa ya kai kilomita 10 da rabi, ruwan sama ya cika shi. Amma dan Allah kar ki ce wa masu saye wai dutsen sama kike sayarwa, duwatsun ƙasar wurin ne kawai. Sannan Asantawa suna girmama tafkin sosai, shi ya sa masunta ke hawa guntun katako su tuƙa da hannu maimakon jirgi, kuma tun 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyayewa. Ƴan ƙwarori a aljihu daban, amma in abin zai zama buhu-buhu ki fara yi wa mutanen garin magana.

Hajiya mai zuwa Koforidua:
Hmm ni dai ƙanwata ta fuskar kasuwa zan miki magana. Abin hannu ɗaya na babba yana cin ƙwara ashirin da wani abu, in kowace sai kin goge kin huda yaushe za ki gama, nawa kuma za ki sayar a Aboabo inda ake taya kaya kamar ana faɗa? Ki sa dutsen tafkin guda ɗaya tak a tsakiya, hagu da dama ki jera na Krobo. Ko ki haɗa da jajayen nan na Abompe, su ma dutse ne na gaske, bauxite, mutanen can da hannu suke hudawa don yana da laushi, ana samunsu a kasuwar duwatsun ado ta Koforidua ranar Alhamis, ja da fari kuwa ba ƙaramin kyau suke ba. Kuma ki rabu da zaren roba mai miƙewa, bakin ramin dutse kaifi gare shi, ni ya taɓa tsinke min a cikin trotro ƙwarori suka watse ƙarƙashin kujeru, yaron mota yana ta min dariya. Ki yi da zaren kamun kifi riɓi biyu, ki sa ƴar ƙaramar tsakiya kowane gefe ta tare gogayya.

Ƴar Aboabo:
Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba na gwada sanfefa da man kaɗanyar jiya da daddare a kan guda ɗaya, yatsuna har yanzu zafi suke amma ya fito, ashe har da wani siririn layi ruwan ƙasa a jikinsa ban taɓa lura ba. Ƴata ta riga ta ce nata ne. Hajiya in za ki Koforidua Alhamis ɗin nan dan Allah ki taho min da na Abompe zare biyu, ƙanana. Bakin daimon ɗin fa Baba, ɓangaren masu kayan gini zan duba a kasuwar Kejetia ko wajen maƙeran zinari?