Alhakin jinin Charlottesville, wa zai ɗauka?

Aminu: Jama'a ni fa har yanzu ina nan kan bakana. Abin da ya faru a taron masu wariyar launin fata a Charlottesville ta jihar Virginia a Amurka a watan Agustan 2017, da masu zanga-zangar adawa sun zauna a gidajensu wallahi babu wanda zai mutu. Waɗancan turawan masu aƙidar fifita farar fata suna da takardar izini, sun zo ne kan batun cire mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, kwamandan sojojin kudu masu goyon bayan bautar da bayi a yaƙin basasar Amurka, a bar su su yi ihunsu su watse mana. Wanda ya fito da sanda ya tare musu hanya shi ma yana da kaso a jinin.

Barista Hauwa: Haba Aminu. Heather Heyer da aka kashe, 'yar shekara 32, wace sanda ta riƙe? Kuma lokacin da James Fields, ɗaya daga cikin mahalarta taron turawan, ya danna mota cikin masu zanga-zangar adawa ai an riga an tarwatsa taron, gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci, mutane na tafiya ne a wani siririn titi cikin gari. Ba a tsakiyar faɗa ba ne balle ka ce ruɗewa ya yi.

Aminu: Anti ni ban ce ita ba. Amma akwai 'yan antifa, masu adawa da aƙidar fasisanci, da suka zo da shirin faɗa, kuma a cikin masu zanga-zangar adawar har da wanda ya kunna wuta da gwangwanin feshi, hoton ya zaga duniya, kuma kotu ta same shi da laifi.

Malam Sani: Toh shi hoton da kake magana, a daidai wurin ne wani jagoran KKK, tsohuwar ƙungiyar masu fifita farar fata, ya zaro bindiga ya harba, shi ma an ɗaure shi. In za ka kawo rabin labari ka kawo ɗaya rabin. Sannan ka manta daren da ya gabata, ranar 11 ga wata, da suka shiga harabar jami'ar Virginia ɗauke da wuta a hannu suna rera cewa Yahudawa ba za su maye gurbinsu ba, suka zagaye 'yan tsirarun ɗalibai a gindin mutum-mutumin Thomas Jefferson, wanda ya kafa jami'ar? Wa ya tare musu hanya a nan?

Alhaji Garba: Ni abin da ya ɗaure min kai daban ne. Ta yaya gwamnati da hankalinta za ta ba mutane izini su fito da tutar Hitila a titi? A Jamus ka ɗaga wannan alamar a bainar jama'a kotu za ka tsinci kanka. Tun farko ai laifin na wanda ya sa hannu a takardar ne.

Barista Hauwa: Alhaji ai hukumar garin ta yi ƙoƙari, ta ce a mayar da taron wani fili mafi girma nesa da tsakiyar gari, shi wanda ya shirya taron Jason Kessler ya kai ƙara, ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta tsaya masa, alƙalin tarayya ya ba shi gaskiya ana gobe taron. Dokarsu ce haka. Tun 1969 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brandenburg, shi ma wani ɗan KKK ne a Ohio, cewa gwamnati ba ta da ikon hukunta magana komai muninta sai in an yi ta ne don tunzura mutane su karya doka nan take, kuma akwai yiwuwar su karya ɗin. Wato ka ce ka tsani wata ƙabila, doka ba ruwanta. Ka nuna wani gida ka ce wa taro ku je ku ƙona yanzu, nan ne ka faɗa hannu.

Alhaji Garba: Ikon Allah. Wannan ai sai an ga hayaƙi sannan a je neman ruwa.

Malam Sani: Ranka ya daɗe ni a nan zan ɗan saɓa maka. Wa zai riƙe alƙalamin da zai tantance maganar ƙiyayya? Ka tuna ƙudurin da aka kai majalisar dattawa a Abuja a 2019 wanda har hukuncin rataya aka saka a ciki, mutane suka yi ca a kai, saboda kowa ya san ranar da dokar ta wuce 'yan adawa da 'yan jarida za a fara gwada ta a kansu. A Amurka ma ai masu fafutukar haƙƙin baƙar fata zamanin Martin Luther King su ne aka riƙa hana wa izinin tattaki da sunan kiyaye zaman lafiya. Shi ya sa a 1977 da 'yan Nazi suka nemi yin maci a Skokie, garin da ke cike da Yahudawan da suka tsira daga sansanonin Hitila, lauyan ACLU da ya kare su shi kansa Bayahude ne.

Aminu: Yawwa Malam, ka dawo layina kenan.

Malam Sani: A'a ban dawo ba ɗana. Na ce suna da 'yancin magana. Kai kuma cewa kake yi waɗanda suka fito mayar musu da martani ba su da nasu. In ɗaya na da haƙƙin fitowa titi ɗayan ma na da shi, ba za ka ce wa mutumin da aka zo ƙofar gidansa ana kiran a kori irinsa daga ƙasa ya ja bargo ya kwanta ba.

Maryam: Ku yi haƙuri in sa baki, duk kun bar 'yan sanda a gefe. Binciken da hukumar garin ta sa tsohon lauyan gwamnatin tarayya Timothy Heaphy ya yi, wanda ya fito a Disambar shekarar, ya nuna 'yan sanda sun tsaya bayan shinge suna kallo ana dambe, ba su raba ɓangarorin biyu ba, da aka zo tarwatsa taron kuma sai aka koro waɗannan kai tsaye cikin waɗancan. Ga shi mutane sun zo da manyan bindigogi a kafaɗa saboda dokar jihar ta yarda. Ita kanta ACLU bayan abin ta ce ba za ta ƙara tsaya wa masu son yin maci da makamai ba.

Aminu: To ai shi ya sa Trump ya ce akwai laifi a kowane ɓangare, aka yi masa ca. Kuma a jawabin ya ce ba 'yan Nazi yake nufi da mutanen kirki ba, ya ce a la'ance su, amma wannan ba a yaɗa shi.

Maryam: Ya faɗa, gaskiya ne. Sai dai ni tambayata su waye mutanen kirkin da suka ga tutar Nazi a gabansu suka ci gaba da tafiya a layin?

Barista Hauwa: Aminu bari in ba ka abin da ya fi duk wannan. Waɗanda suka ji rauni sun kai masu shirya taron ƙara, kuma ba a kan abin da suka faɗa a lasifika aka kama su ba, a kan hirarsu ta sirri a manhajar Discord ne, inda suke tattauna irin makaman da za a zo da su, yadda za a mayar da sandar tuta abin duka, har da raha kan take masu zanga-zanga da mota. Shi Fields watanni kafin ranar ya saka hoton mota tana banke mutane a Instagram. A Nuwamban 2021 masu taimaka wa alƙali suka ce a biya diyyar kusan dala miliyan 26. Shi kuma direban ɗaurin rai da rai yake yi.

Aminu: Amma Anti a wannan shari'ar sun kasa cimma matsaya kan tuhumar haɗa baki ta dokar tarayya, kuma daga baya alƙali ya zaftare kuɗin.

Barista Hauwa: Ƙwarai, ta tarayya sun rabu, amma ta dokar jihar Virginia sun same su da haɗa baki. Zaftarewar kuma saboda jihar ta ƙayyade iyakar diyyar ladabtarwa ne, ba wanke su aka yi ba. Yanzu kai ka kawo min hirar sirri guda ɗaya da kotu ta karɓa wadda ɗaya ɓangaren suka tsara take mutane da mota, sai mu ci gaba daga nan.

Alhaji Garba: Ni dai har yanzu ba wanda ya gamsar da ni kan bindigogin nan. Magana daban, bindiga a kafaɗa daban. Barista wace kotu ce ta ce ɗaukar makami zuwa taro yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki?